Kolo Wanzami da Jiminar Aba Gana

Duk wanda ya taɓa miƙa kansa ga Kolo wanzami, a inuwar ganuwa kusa da ƙofar da ke fita Zango, ya san ba suma kaɗai zai bari a wurin ba, har da kunnuwansa. A shekarun nan da ayarin Tarabulus ke sauka Damagaram yana neman gashin jimina ido rufe, Kolo ba shi da labarin da ya wuce na jimina. Ya kama ta da hannu ɗaya a dajin Mirriya. Ya hau bayanta ta kai shi Kukawa tsakanin azahar da la'asar. Ya taɓa fige guda uku a tsaye, suna gudu yana gudu. Kowane mako jiminar sai ta ƙara tsawo, dajin ya ƙara nisa, kuma ba mai musu da mutumin da ya ɗora maka aska a maƙogwaro.

Ni kuwa ba zan ɓoye muku ba: Kolo ko kaza mai 'ya'ya ta buɗe fukafukai, hanya yake sakewa.

To, akwai wani falke a Zango, Aba Gana, yana kiwon namijin jimina a garkar gidansa mai katanga, baƙi wuluk mai fararen fukafukai, ana ce masa Dogo. Wata tara yana ciyar da shi, yana jiran gashin ya nuna kafin ayari ya tashi. Ran wata Juma'a, maza duk suna masallaci, wani ya haura katanga ya fige fararen gashin nan tas, ya bar Dogo da fukafukai kamar na kazar da za a sa a tukunya.

Washegari ba a zancen komai a wurin aski sai wannan. Suma'ila dillali ne ke zaune a kan tabarma, an aske masa rabin kai. Ya ce, “Ni abin da ke ba ni mamaki, wa zai tunkari Dogo shi kaɗai? A duk Damagaram mutum ɗaya na sani mai wannan zuciya.”

Idanu suka juyo kan Kolo. Daɗi ya kama shi har kunnuwansa na motsi. Ya wasa aska a tafin hannu, ya yi murmushin manya, ya ce, “Kai dai Suma'ila kana da ido. Wane ne kuma in ba ni ba?”

Aka yi dariya, wasu kuma ba su yi ba. Kafin la'asar ɗan aiken alƙali ya yi sallama a ƙofar gidansa, ya ce ana nemansa ran Laraba da hantsi, a kan tuhumar sata daga cikin gida mai katanga.

Matarsa Kellu tana daka ta ji saƙon. Ta ajiye taɓarya ta fito tsakar gida.

“Maigida, ka san abin da ake yi wa wanda ya haura katanga ya ɗauki dukiya irin wannan?”

“Na san shari'a ciki da waje.”

“Ka taɓa shiga zauren alƙali?”

“Na taɓa aske wanda ya shiga.”

“Hannu ake sarewa, Maigida. Na dama. Wanda kake riƙe aska da shi.”

Kolo ya dubi hannunsa, ya sa shi cikin aljihu.

Kellu ta ce, “Kawuna malami ne, na sha jin yana cewa wanda ya amsa laifi da bakinsa yana iya janyewa. Ka je ka ce ƙarya ka yi. Ka faɗi inda kake a lokacin.”

“Har abada!”

Inda yake ɗin ne matsalar. Ran Juma'ar nan Kolo ya yi wanka, ya sa farar riga, ya yanke ta bayan gidan maƙwabciyarsu Talatu mai fura don kada ya makara. Jan zakaran Talatu ya gan shi, ya sunkuyar da wuya ya taso. Kolo bai san lokacin da ya haye kan rumbunta ba. Nan ya zauna tun kiran salla har aka sauko daga masallaci, zakara na sintiri a ƙasa, sai da Talatu ta dawo daga talla ta kife shi da kwando. Kolo ya yi mata alkawarin aske jikokinta kyauta har su yi gemu, in dai ta kama bakinta.

“In tsaya gaban alƙali, gaban duk mutanen da nake yi wa aski, in ce zakara ya tsare ni? Kellu, ki bar ni. Ina da dabara. Ba zan ce na yi ba, ba zan ce ban iya ba. Zan nuna wa alƙali cewa wanda ya fige Dogo bai san aiki ba, ya yi masa fizgar 'yan koyo. Gwani irina ba zai yi wannan ƙazantar ba. Alƙali zai sallame ni, watakila ma ya ba ni riga.”

“Ka ga yadda aka fige shin?”

“Gobe zan gani.”

Ran Lahadi da hantsi ya ari jakin Talatu, ya ɗora hularsa jar dara a ka, wadda duk garin ya san ta domin ya ce wani Balarabe ne ya ba shi ladan kama jimina, ya nufi Zango. Ya zagaya bayan garkar Aba Gana, ya tsai da jaki jikin katanga, ya taka bayansa, ya kama kan katangar ya leƙa.

Abin da bai lissafa ba shi ne tsawon Dogo. Yana ɗago kai sai ya ga wani kai a gabansa, ƙarami mai manyan idanu da dogon gashin ido, tsakaninsu bai fi taƙi ɗaya ba. Suka kalli juna. Kolo ya buɗe baki zai yi salati. Dogo ya karkata kai, ya yi nazarin jar darar nan, ya kai mata cafka.

Ihun da Kolo ya yi, raƙuman da ke durƙushe a masaukin fatake sai da suka miƙe. Jaki ya ga ba da shi za a yi ba, ya kama hanyar gida. Kolo ya saura a rataye jikin katanga yana harba ƙafafu, daga nan ya saki, ya faɗa cikin kwatamin da ke fitar da ruwan gidan. Mata shida da ke dawowa daga rijiya da tuluna a ka suka tsaya suna kallo.

Ɗaya ta ce, “La ila, ba wanzamin nan ba ne?”

Wata ta ce, “Shi ne. Ya dawo ɗaukar na wutsiya.”

Kafin ya kai gida labarin ya riga shi. Kellu ta dube shi tun daga ƙafa har kai.

“Ina hular?”

“Na bar ta a wurin da gangan.”

“A cikin garkar mutumin da ya kai ka ƙara?”

“Ke ba ki san dabarun shari'a ba. Kawo ruwa.”

Ran Litinin ya ce a yi gwaji. Ya kira amininsa Habu mahauci ya zama alƙali. Aka kifa turmi a zaure, Habu ya hau, ya naɗa tsohon zanen Kellu a ka. Talatu ta ajiye ƙwaryar fura ta ce ita ce Aba Gana, kuma ta shiga rawar da gaske, har da shafa gemun da ba ta da shi. Maƙwabta suka cika ƙofa.

Habu ya yi gyaran murya. “Kai ne Kolo wanzami?”

“Ni ne, Allah gafarta malam, Kolo na Mirriya, wanda jimina ke ganinsa ta durƙusa.”

“A sare.”

“Haba Habu, ko tambaya ba ka yi ba!”

“Ka amsa tun ban tambaya ba. Sake.”

Aka sake. Wannan karon Kolo ya gaida alƙali a taƙaice.

“Kai ka fige Dogo?”

“Allah gafarta malam, wanda ya fige shi bai iya aiki ba.”

“Kai ka iya?”

“Ni? A tambayi dajin Mirriya. Da ni ne, ko Dogo ba zai sani ba sai ya ji iska a haƙarƙari.”

Talatu ta tafa hannu. “Kun ji ko? Har ya san inda iska ke shiga!”

“A sare,” in ji Habu.

Karo na uku Kolo ya rantse ba zai ce uffan ba, sai dai ya girgiza kai. Ya kuwa daure. Habu ya yi tambaya uku, Kolo na girgiza kai kamar rago mai ƙaho. Har Kellu da ke laɓe bayan asabari ta fara sa rai. Sai Habu ya juya ga jama'a ya ce, “Ku sake shi. Wannan da ganinsa bai taɓa kusantar jimina ba. Matsoraci ne.”

Kolo ya yi tsalle ya miƙe. “Wa? Ni? Ni da na fige uku a tsaye?”

Duk zauren suka haɗa baki: “A sare!”

Ana cikin dariya Habu ya kama wuyan hannun Kolo. Sana'a ba ta barin mutum, yatsunsa da kansu suka lalubo gaɓa, ya ɗan murza, ya ce, “Nan ne. Sara ɗaya.” Da wasa ya faɗa, amma Kolo ya ji sanyi ya ratsa shi har ƙafa. Ya zare hannun a hankali. Habu ya kwance zanen daga kansa ya ce, “Kolo, Allah da gaske nake, ka faɗi gaskiya kawai, kowace iri ce.”

Kolo ya ce, “Gwajin ne bai yi kyau ba. Alƙalin gaskiya ba ya warin kitse.”

Ran Talata ya fita neman shaidun da za su wanke shi. Ya sa a yi shela cewa yau aski kyauta ne. Mutum tara suka zo. Bayan ya gama da kowa ya roƙe su su raka shi gobe su faɗi halinsa.

Tsoho Ari mai saƙa ya ce, “Me zai hana? Ni shaida ne ka fige uku a tsaye. Sau goma sha ɗaya ka faɗa mini.”

“Ba wannan za ka faɗa ba, Baba Ari.”

“Na Kukawar kake so?”

“Ka ce ni mutumin kirki ne, ba na taɓa kayan kowa.”

“Zan faɗa. Amma in aka tambaye ni wa ya iya kama jimina a garin nan, ni ba zan yi ƙarya da furfurata ba.”

Sauran takwas suka ce su ma haka. Kolo ya tattara asakensa ya tafi, ya yi aski tara kyauta ya samo wa Aba Gana shaidu tara.

Daga nan ya bi ta wurin wani malamin tsibbu a lungun marina, ya karɓo rubutun ɗaurin baki a ɗan tandu. Sharaɗin shi ne mai ƙara ya sha, in ya zo gaban alƙali harshensa ya yi nauyi. Kolo ya kai wa Kellu ya ce ta zuba a fura, Talatu ta kai wa Aba Gana a matsayin sadaka. Kellu ta karɓa. Bayan la'asar ta dama masa fura mai sanyi, ya shanye har yana lasar ludayi.

“An kai wa Aba Gana tasa?”

“Ka shanye ta yanzu.”

“Kellu!”

“Na duba duk Damagaram ban ga bakin da ke bukatar ɗauri kamar naka ba.”

Rubutun bai ci ba. Kolo ya yi ta faɗa har rana ta yi ja. Kellu ta bar shi ya gaji, sannan ta zo ta zauna gabansa, ta kama hannun damansa ta juya shi. Hannu ne mai kyau, ba ya rawa, bai taɓa yanka kunnen kowa ba, kuma wannan kam ba ƙarya ba ce.

Ta ce, “Da wannan ka aske kan 'ya'yanmu ran suna. Da shi muke ci shekara goma sha tara. Labarin jimina bai taɓa sa mini ko tsaba ɗaya a tukunya ba. Tsoro nake ji, Maigida. In sun yi maka dariya, kwana nawa za su yi suna yi? Hannu kuwa ba ya tsirowa.”

Kolo ya ji maganar har cikin ransa, don shi ma tsoron yake ji, kwana uku ke nan tuwo ba ya wuce masa sai da ruwa. Ya buɗe baki kamar zai ce to. Sai ya tuna fuskokin da ke zagaye shi a inuwar ganuwa, baki sake, suna jiran ya kai inda jimina ta durƙusa. Ya ce, “Ki dai zo gobe ki ga aiki.”

Laraba da hantsi zauren alƙali bai ɗauki mutane ba, sai aka fito da buzu da littattafai filin ƙofar gida, ƙarƙashin tsamiya. Alƙalin tsoho ne siriri, mai magana ƙasa-ƙasa, irin waɗanda sai an yi shiru ake jin su. Kolo ya iso cikin babbar rigar Habu, wadda ta yi masa yawa har yana taka ta, ƙudaje na binsa saboda ƙanshin kitse. Ya zube ya fara gaisuwar da ya shirya. Ya gaida alƙali, ya gaida iyayen alƙali, ya gaida malaman da suka karantar da shi, yana shirin shiga kakanni alƙali ya ɗaga yatsa.

“Sun amsa. Zauna.”

Aba Gana ya faɗi ƙararsa cikin takaici. Aka kira Suma'ila dillali. Ya ce, “Allah gafarta malam, ni ban san komai game da jimina ba, ko kusa da ita ban taɓa zuwa ba, tsoronta nake. Abin da kunnena ya ji kawai zan faɗa. Ya ce, wane ne in ba ni ba.” Tsoho Ari da mutanensa takwas suka gyaɗa sababbin kawunansu masu ƙyalli. Sannan aka ajiye jar dara a gaban alƙali, a yage, da tabon miyau.

Alƙali ya juya ta da bakin alƙalami. Ya daɗe yana duban Kolo, kuma ina jin tun a lokacin ya karanta shi tsaf.

“Wanzami, mutum yakan faɗi magana a wurin aski don hira ta yi daɗi. In haka ne, ka faɗa yanzu a gaban jama'a, shari'a ta yarda ka janye.”

Daga can baya cikin mata aka ji muryar Kellu: “Faɗa, Maigida!”

Kolo ya waiwaya. Ga Kellu, ga Talatu tana cizon bakin mayafi. Ga kuma duk wanda ya taɓa askewa, sun zuba masa ido. Ya miƙe, ya tattara hannun riga ya aza a kafaɗa.

“Allah gafarta malam, ni ba zan ce na yi ba. Abin da zan ce, wanda ya yi wannan aiki ɗan koyo ne. Fizga ya yi. Gwani irina ba ya fizga.”

“Ka ga wurin da aka fige?”

“Da idona.”

“Yaushe?”

“Ran Lahadi.”

“Ta ƙofa ka shiga?”

“Ta... sama.”

“Wato ka san hanyar katangar.”

“Jaki ne ya san ta, Allah gafarta malam.”

Aka kwashe da dariya. Alƙali bai yi ba. Ya ce, “Tunda kai gwani ne, ni kuma ban taɓa ganin aikin gwani ba, a kawo jiminar. Ka cire mana gashi ɗaya mu ga bambanci.”

Kellu ta dafe kai. Ita ta gane abin da mijinta bai gane ba: in ya cire, ya tabbatar zai iya, in ya kasa, abin da yake gudu ya same shi.

Barorin Aba Gana biyu suka taho da Dogo, an zura masa wata jakar fata a kai har wuya. Duk mai kiwon jimina ya san sirrin jakar nan. Muddin idonta a rufe yake, jimina takan tsaya lamo kamar tunkiya, a fige ta a gama ba ta motsa ba. Aikin ke nan gaba ɗayansa. Kolo, da ya shekara ashirin yana kama jimina da baki, bai taɓa jin wannan ba.

Ya matso a hankali. Dogo bai motsa ba. Ya ƙara taku ɗaya. Shiru. Ya miƙa yatsa ya taɓa ƙirjinsa, ya janye da sauri. Dogo ko gezau. Sai wani abu ya faɗo wa Kolo a rai: ashe labaran nan nasa gaskiya ne, jimina na jin ƙanshinsa ta yi laushi! Ƙirjinsa ya buɗe. Ya juya ga jama'a yana murmushi.

“Kun gani? Ya san wanda ke gabansa. Amma ni ba na fige makaho. Sai mun haɗa ido.”

Aba Gana ya yi ihu, “Kada ka...”

Kolo ya yi ɗage ya fizge jakar.

Dogo ya ƙifta ido sau biyu. Ya dubi rana, ya dubi taro, ya sauko da kai ya dubi mutumin da ya leƙo masa ta katanga ran Lahadi. Wuyansa ya kumbura, ya saki wani gurnani mai kama da na zaki, ya buɗe guntayen fukafukansa.

Barorin suka saki igiya. Fili ya watse. Kolo ya ranta a na kare, riga na harɗe shi, Dogo na bayansa. Suka zagaya tsamiya sau ɗaya. A zagaye na biyu Dogo ya cafki wuyan rigar, Kolo ya sulale daga cikinta ya bar masa, ya ci gaba da gudu daga shi sai wando. A na uku ya hango wuri ɗaya da bai watse ba, ya yi tsalle ya faɗa bayan alƙali, ya ƙanƙame tsohon ta ƙugu.

“Ƙarya nake! Wallahi ƙarya nake! Ban taɓa kama jimina ba! Dajin Mirriya ma ban taɓa shiga ba, a kasuwa nake tsayawa! Hular nan saya na yi! Ran Juma'a ina kan rumbun Talatu, zakaranta ne ya kore ni, ku tambaye ta! Ku riƙe shi, don Allah ku riƙe shi!”

Talatu ta ɗaga murya daga bayan wani gini, “Gaskiya ne! Da kwando na cece shi!”

Dogo ya yar da rigar ya nemi wani. Wanda ya fi kusa shi ne Suma'ila dillali, da ya maƙale a kusurwar katanga ba hanyar fita. Dogo ya taso masa, ƙafa a ɗage. Nan fa mutum ba ya tunani, abin da jiki ya saba shi yake yi. Suma'ila ya goce gefe, ya kama wuyan ta ƙasa da kai, ya danƙwafar da shi, ya cire hularsa ya zura masa har wuya. Duka bai kai ƙiftawa uku ba. Dogo ya tsaya cak, lamo.

Suma'ila ya ɗago yana haki, ya ga kowa shi yake kallo.

Alƙali ya ɓamɓare hannuwan Kolo daga ƙugunsa, ya gyara rawani, ya ce a hankali, “Dillali, kai ne ɗazu ka ce ba ka taɓa kusantar jimina ba?”

Alƙali ya ce a binciki gidan Suma'ila. Aka tura mutum biyu gidansa tare da Aba Gana. Kafin azahar suka dawo da wata tabarma a naɗe, aka warware, ga fararen gashin Dogo a jere, an ɗaure su goma-goma. Abin da ya biyo baya tsakanin Suma'ila da shari'a ba na dariya ba ne, ba kuma shi na zauna in ba ku ba.

Alƙali ya juya ga magatakardansa. “Rubuta. Kolo wanzami ba shi da laifi a satar nan, domin ya tabbata a gaban jama'a cewa ba zai iya ba.”

Dariyar da aka yi, har waɗanda suka haye tsamiya sai da suka kusa faɗowa. Kellu kuwa kuka take yi, tana hamdala a fili ba ta damu da kowa ba. Kolo ya tsugunna, ƙirji a waje, ya haɗa hannuwansa biyu, duka biyun nasa.

“Allah gafarta malam, na gode. Sai dai ina roƙon a ɗan gyara rubutun. A ce zai iya, bai dai yi ba.”

Alƙali ya dube shi, ya dubi barorin Aba Gana. “A cire wa Dogo hular.”

“A bar shi yadda yake! Rubutun malam ba ya bukatar gyara!”

Da suka koma gida Kellu ta tuƙa tuwon gero da miyar kuka, ta ajiye masa a tsakar gida. Kolo ya wanke hannun damansa, ya daɗe yana wanke shi, yatsa bayan yatsa. Ya ci loma biyar bai ce komai ba, har Kellu ta fara tunanin ko rubutun jiya ne ya ci a makare. A loma ta shida ya yi gyaran murya.

“Kin san dai da gangan na cire jakar nan. Na san ɓarawon yana cikin taro, na ce bari in fito da shi. Dabara ce tun ta dajin Mirriya.”

Kellu ta ci gaba da kwashe tuwo ba ta ɗago ba. “Na sani, Maigida. Ka maimaita wa baƙonka, ga shi nan a bakin ƙofa tun ɗazu yana saurare.”

Kolo ya waiwaya. Jan zakaran Talatu ne, ƙafa ɗaya a ɗage, ya karkata kai yana dubansa. Kolo ya ɗauki akushinsa da hannu biyu, ya shige ɗaki da baya, ya saki asabari.